Tambaya da Amsa: In bari a yi wa karena allurar barci don ya natsu a gaban kyamara?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina da ɗan kare irin Lhasa, shekararsa 2, nauyinsa kilo 6. Ni da kaina na koya masa zama da kwanciya da miƙo hannu, kuma ba ya damuwa idan an sa masa riga, shi ya sa nake yawan ɗora hotunansa a Instagram. A nan wasu masu shirya talla suka gan shi, suna so ya fito a aikinsu nan da mako 3. Daraktan ya ce hayar yini ɗaya suka yi ta kyamara da fitilu, in karen ya ƙi tsayawa asara ce babba. Mutumin da ya sayar mini da shi, wanda shi ke yi masa allurai, ya ce in hana shi abinci tun daren jajibere, da safe ya zo ya yi masa 'yar allura jikinsa ya yi laushi, wai haka ake yi a Hollywood. Kuɗin da za a ba ni ba kaɗan ba ne, amma gabana sai faɗuwa yake yi. In yarda? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Malama, kada ki yarda, kuma kada ki bari mutumin nan ya matso kusa da karen da sirinji a ranar. Aikin tallar ban hana ki ba. Kare mai shekara 2 da ya riga ya san zama da kwanciya zai iya, in an shirya shi. Allurar da yunwar su ne nake ja da su.

Bari in fara da zancen Hollywood, domin na gaji da jin sa. A Amurka akwai ƙungiyar American Humane da ta fara sa ido a kan dabbobin fim tun 1940, bayan wani doki ya mutu da aka tilasta shi faɗowa daga kan dutse wajen ɗaukar wani fim na kaboyi a 1939. Ita ke ba da shaidar nan da ake rubutawa a ƙarshen fim cewa ba a cutar da dabba ba, kuma ƙa'idojinta sun hana a ba dabba maganin barci ko na kashe jiki don kawai a ɗauki hoto. To shi mai allurar taki, a wace Hollywood ya ga nasa?

Abin da suke yi can horo ne. Terry, 'yar ƙaramar karyar da ta fito a The Wizard of Oz a 1939, dala 125 ake biya a kanta kowane mako, fiye da abin da mutane da dama a fim ɗin suke karɓa. Mai horar da ita, Carl Spitz, da alamar hannu yake ba ta umarni daga bayan kyamara, ba tare da ya buɗe baki ba, don kada muryarsa ta shiga cikin sautin. Uggie kuwa, wanda ya fito a The Artist a 2011 har ya ci kyautar karnuka ta bikin fina-finai na Cannes a Faransa, masu shi na farko rabuwa suka yi da shi saboda rawar kai, sai Omar Von Muller ya ɗauke shi ya horar. Rawar kan nan da ake so a kashe wa naki da allura, ita masu sana'ar suke nema, domin kyamara ido mai rai take so da kunne a miƙe.

Yanzu ga abin da ke cikin sirinjin. Ban ga kwalbar ba, amma na san 'yan kayan da irin waɗannan mutane ke yawo da su a jaka: ko acepromazine da ɗan'uwansa chlorpromazine, ko xylazine wanda suka saba gani ana yi wa shanu da dawaki, ko diazepam. In allura ta gagara, sai su koma kan ƙwayar tramadol ko maganin tari na mutane.

Dangin acepromazine jiki suke kashewa, ba sa cire tsoro. Wannan shi ne abin da mutane suka kasa ganewa, kuma kusan kullum sai na maimaita shi a asibiti. Karen yana jin ƙarar janareta, yana ganin baƙin fuskoki sun kewaye shi, fitila na haske masa ido, tsoron yana nan daram, sai dai ƙafafun sun ƙi ɗaukarsa ya gudu. Ke kina ganin ya natsu, shi kuwa ɗaure shi aka yi ba da igiya ba. Wasu ma ƙara jin ƙara suke yi a cikin maganin. Ranar da ya sake ganin kyamara zai tuna, kuma wanda a da yake tsayawa ki ɗauke shi hoto da riga zai koma ɓuya a ƙarƙashin gado. Ban da wannan, maganin yana sa ƙarfin bugawar jini ya yi ƙasa, yana kuma dagula yadda jiki ke daidaita zafinsa, ga shi ba shi da makari; in an yi, sai a jira awa 6 zuwa 8 ya sake shi. Kare da haki yake fitar da zafi, guminsa ɗan kaɗan ne a tafin ƙafa. Lhasa kuma gajeren hanci gare shi da gashi kamar bargo. Ki haɗa wannan da ɗakin da aka rufe tagogi, aka kashe fanka saboda sauti, aka kunna fitilu. Kada sanyin Jos ya ruɗe ki. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai ne. Idan ya haura 41, ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa sun fara lalacewa, kuma karen da aka kashe wa jiki ba zai tashi ya nemi inuwa ba balle ki gane.

Xylazine yana sa amai, yana rage bugun zuciya sosai. Karen da ke amai cikin magagi yana iya shaƙe aman ya gangara huhu. Mu da muke amfani da shi sai mun auna nauyi a sikeli, mun saurari zuciya, makarinsa na ajiye a gefe. Wanda ke kimanta maganin da ido, a kan dabba mai kilo 6, kuskuren ɗigo kaɗan ya isa. Diazepam kuma a jikin lafiyayyen kare sau da yawa akasin abin da ake so yake yi: ya hau zumuɗi, ya yi ta tangaɗi, kunyar cizon da yake da ita ta gushe. In akwai yaro a tallar, kin ga an gudu gara an faɗa gidan zago. Tramadol yana iya jawo jijjiga. Magungunan tari da mura na mutane kuwa, da yawansu akwai farasitamol a ciki, wanda ke ɓata hantar kare in ya yi yawa.

A ce ma ya tsira daga duk wannan, hoton ba zai yi kyau ba. Ido zai lumshe, farin tantanin nan na kusurwar ido ya rufo rabinsa, harshe ya zazzago, kai ya riƙa rinjaya. Wa zai sayi kaya saboda ya ga kare kamar ɗan maye? Idan labari ya buƙaci kare mai barci ko matacce, ko dai a koya masa kwanciya a gefe ya yi lamo, ko a sa na roba.

Zancen yunwa yana da ɗan tushe, shi ya sa yake yaɗuwa. Gaskiya ne karen da ya ƙoshi ba ya kula tukuici. Amma abin da masu horo ke yi shi ne su rage abincin safe su ba shi sauran a hannu, kaɗan-kaɗan, a matsayin lada yayin aiki. Ƙananan karnuka ba su da ajiya a jiki. Doguwar yunwa tana iya faɗar da sukarin jininsu, ki ga rawar jiki da kasala. Ki ba shi abincin darensa yadda ya saba, da safe rabi, ruwa kuma kada ya yanke ko na awa ɗaya.

Mako 3 da kike da su sun isa, in kin fara yau, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ki nemi darakta ya rubuto miki ainihin abin da karen zai yi a kowace fitowa. In wani abu ne da bai iya ba, kamar ɗauko kaya ko haushi bisa umarni, ki faɗa musu tun yanzu su sauya. Abu mafi amfani da za ki koya masa shi ne alama: ɗan faifai ko murfin roba a ƙasa, ya je ya ɗora ƙafafun gaba a kai ya tsaya, kina rage girman abin har ya zama ɗan tef. Sai ki mayar da umarninki na baki zuwa na hannu, kina ja da baya har taku 5 ko 6, domin a lokeshin bayan kyamara za ki tsaya. Minti 5 sau 3 a rana ya fi awa guda a jere. Ki fita da shi wurare daban-daban, ya saba da ƙarar janareta daga nesa, da walƙiyar kyamara, da makirufon nan mai gashi da ake ɗagawa a sanda, wanda karnuka da yawa ke ɗauka wata dabba ce. Wanda zai riƙe shi a tallar ya zo su saba kafin ranar. Tukuici kuwa dafaffiyar kaza ko hanta, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake. Ban da tsire da kilishi, saboda albasa da tafarnuwa da yaji, ban da cakulan.

A ranar, ki sa sharaɗi a rubuce: a gyara fitilu da 'yar tsana a madadinsa, a kira shi sai an shirya, a fara da fitowarsa da safe, a tanadar masa wuri mai iska da zai huta, kuma ke kaɗai ke ba shi umarni. Ki lura da ƙafafun ma'aikata da wayoyin lantarki. Ita kanta Terry taka ta aka yi a wajen aiki, sai da ta yi jinya aka sa wata a madadinta. In kin ga yana yawan hamma, yana lasar leɓe, farin idonsa ya fito, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, ko ya ƙi karɓar naman da yake so, aiki ya tsaya ke nan, ko darakta ya ji daɗi ko bai ji ba. Turare da rini na mutane kada su taɓa gashinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muka mayar da duk mai sayar da 'yan kwikwiyo likita. Hukumar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista a Najeriya tana nan, amma wa ke tambayar lambar rajista? Sai an kawo mana dabba jiki ya saki, a tambayi me aka ba ta, a ce "wata 'yar allura ce", ba suna, ba adadi, shi kuma mai allurar ya kashe waya. Ke da ke Jos, ga Vom kusa da ke, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take, ba ki da uzurin miƙa dabbarki ga ɗan kasuwa. Kuma mu ji tsoron Allah a kan bayinsa marasa baki. Hadisi ya tabbata cewa an gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, wata kuma ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Kuɗin hayar kyamara ba zai zama hujja ba ranar da za a tambaye mu.

Tunda wanda ya sayar miki da karen shi ke yi masa allurai tun yana ƙarami, ina shakkar rigakafin ma. Ki ɗauki katin ki kai wa likita mai rajista cikin makon nan, ya duba ko akwai tambarin kwalba da kwanan wata a kan allurar ciwon haukan kare, ya saurari zuciyarsa, ya duba kaska. In babu shaida a katin, a sake rigakafin tun yanzu, kada a bari sai ana gobe aiki.