Tambaya da Amsa: Wace regileta zan fara saya don nutso?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Watan jiya na gama kwas ɗin nutso na farko, wanda ake ba mutum izinin sauka har mita 18, kuma wallahi abin ya shiga raina. Matsalata regiletar haya ce, wato na'urar da ake shaƙar iska da ita a ƙarƙashin ruwa, wadda aka ba ni ranar ƙarshe duk an tattaune robar bakinta, da kyar nake riƙe ta har muƙamuƙina ya yi tsami. Yanzu ina so in sayi tawa amma da na duba sai kaina ya ɗaure, wannan DIN wancan yok, wai fistin wai dayafram, ga kuma wani ya ce zai sayar min da tashi ta hannu da ta shekara biyar a ajiye. Don Allah a ba ni shawara.
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da shigowa ruwa. Kafin ki kalli suna ko kyan fenti fara tambayar kanki, wa zai riƙa yi min sabis ɗinta? Regileta ba kayan saya a manta ba ne, akwai zobban roba da ƴan bawul a cikinta da suke gajiya, kamfanoni da yawa suna cewa a buɗe ta duk shekara, wasu duk shekara biyu ko bayan nutso 100. Scubapro, Apeks, Mares, Cressi, Aqua Lung, duk suna yin masu kyau, amma wadda babu mai gyaranta da kayan gyaranta kusa da ke to wahala kika saya ko da ta fi kowacce tsada.

Aikinta kashi biyu ne. Kan farko da ake ɗaurawa a silinda yana karɓar iska mai matsin wajen ba 200 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne) ya sauko da ita zuwa kamar ba 9 ko 10 sama da matsin ruwan da kike ciki, sai kai na biyu, wanda yake bakinki, ya ƙarasa saukar da ita daidai da ruwan, kuma ba ya sakin iska sai kin zuƙa. A mita 30 matsi ya kai ba 4, iskar ta ninka ta sama kauri sau huɗu, a nan ne ake gane regileta mai sauƙin numfashi da wadda sai kin yi kamar mai jan ruwa da tsinke. Shi ya sa in da hali ki ɗauki mai balans, ita numfashinta ba ya canzawa sosai ko iskar silinda ta yi ƙasa. Marar balans ba ta da haɗari fa, ita ce ma yawanci ake bayarwa haya don ƙwarinta, sai dai wajen ƙarshen nutso za ki ji ta ɗan yi tauri.

Fistin da dayafram, wato iri biyu na ƙirar cikin kan farko, kada su hana ki barci, duk suna aiki. Abin dubawa ruwan da za ki shiga. In zai kai ƙasa da digiri 10 dole ki nemi wadda aka yi don ruwan sanyi, yawanci mai rufaffen kan farko, don iska tana yin sanyi sosai in matsinta ya sauka, ƙanƙara ta kama ciki bawul ya ƙi rufewa, iska ta yi ta bulbulowa kina kallon allurar geji, mai nuna sauran iskar silinda, tana gudu. Ki duba tambarin EN250, wato na gwajin inganci na Turai, a jikinta, in kin ga an rubuta sama da 10°C to ta ruwan ɗumi ce kawai.

Yok da DIN hanyoyi biyu ne na ɗaura kan farko a silinda: yok maƙala shi ake yi a kan bawul ɗin silinda a ɗaure da sukuru, iyakarsa ba 232. DIN murɗa shi ake yi ya shige cikin bawul ɗin, zoben roba na ɓoye a ciki, kuma yana ɗaukar har ba 300. Ni dai DIN na fi so, ki haɗa da ɗan adafta mai mayar da shi yok kin gama, ko wane silinda aka miƙo miki zai hau.

Kada ki manta lissafin ba kai biyu kaɗai ba ne, akwai oktofus, wato ƙarin kai na biyu mai tiyo rawaya na abokin nutso in iskarsa ta ƙare, da geji, da tiyon hura rigar da ke daidaita tashinki da saukarki a ruwa.

Ta hannun nan kuwa, shekara biyar a ajiye robobin sun bushe ko da ba ta taɓa ganin ruwa ba. Ku je tare wajen mai sabis ya buɗe, ya duba matatar kan farko, in ya ga ta yi kore ruwan gishiri ya shiga ke nan, ya kuma faɗa miki ko har yanzu ana samun kayanta, sai ki haɗa kuɗin gyaran da na sayen ki gwada da sabuwa. Sau da yawa bambancin ba ya kai a yi ciniki.

Robar baki kuma ita kaɗai ana sayar da ita, akwai ma wadda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza ta ɗauki siffar haƙoranki. In kin samu taki, bayan kowane nutso ki busar da murfin kan farko ki rufe shi ruf kafin ki ɗauraye da ruwan daɗi, kuma kada ki danna maɓallin sakin iska da ke gaban kai na biyu tana cikin ruwa in ba a jone take da silinda ba.