Malam, uwargida ta ce ƙwallo ta fi min su

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Bukoki nan Yamai, yarana ukku. Ina bayan Arsenal tun zamanin Henry, 2004 da suka gama gasar Ingila ba a doke su ba. Duk wata ina biyan abonoma, in an ɗauke wuta na tafi fada mu kalla. Uwargida ta ce balo ta fi min su, wai ranar da aka ci mu ba mai iya min magana a gida. Babban yarona ɗan shekara 9 shi ma yana zama da ni har dare sai ya makara lakwal. Wani lokaci ina sa dala ɗari a pari. Kallon haramun ne in bari gaba ɗaya ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kallon ƙwallo shi kansa ban ce maka haramun ne ba, asalin wasa halal ne in bai ja wani saɓo ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci, Annabi (SAW) yana kare ta da mayafinsa har sai da ita ta gaji.

Amma parin nan ka bar shi yau ba gobe ba. Caca ce, Allah ya haɗa ta da giya a Ma'ida aya ta 90, kuma dala ɗari da jika ɗari hukuncinsu ɗaya. Ka tuba, ka goge abin daga salularka.

Sai sallah. Wasan Asabar na ƙarfe 3 a Ingila, lokacin sanyi ƙarfe 4 yake kamawa a nan, daidai da kiran la'asar, kuma na sha ganin masallacin unguwa sahu biyu alhali fada ta cika maƙil. Ana cewa bari a je hutun rabin lokaci, daga nan bari a tashi, sai rana ta yi ja an fita lokacin zaɓi ba uzuri. Hadisin Buhari ya ce wanda ya bar la'asar aikinsa ya ɓaci. Ka tashi ka bi jam'i, minti goma ne, ƙwallon da aka ci bayanka za ka gan ta a waya.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne maganar uwargida, wallahi na karanta ta sau biyu. Wasu mutane a Landan da ba su san da zamanka ba, an biya su albashinsu ko sun ci ko an ci su, su kwana lafiya, kai kuma ka shigo gida fuska a murtuke yara na laɓewa a ɗaki, matar da ta wuni gaban murhu ta kawo tuwo tana ɗari-ɗari, me ta yi maka? Ita ce mai tsaron raga? Wannan cutarwa ce kuma shi ne haramun ɗin da kake nema a wani wuri. Salmanul Farisi ya ce wa Abu Darda'i iyalinka suna da haƙƙi a kanka, lokacin ibada ce ma ta shagaltar da shi, Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. To ina ga balo. Ka nemi yafiyarta da bakinka, in an ci ku kuma ka ji zuciya na tafasa ka yi alwala kafin ka shiga gida.

Yaron kuwa kiwo ne aka ba ka za a tambaye ka. Wasannin zakarun Turai na Talata da Laraba wani lokaci sai wajen 11 na dare ake tashi, ɗan shekara 9 ba shi da abin yi a gaban tele a wannan lokaci, ga lakwal da safe ga makarantar allo. Ka bar masa na ƙarshen mako da rana, ku kalla tare, in an kira sallah ka kashe tele ka riƙo hannunsa, wannan zai riƙe fiye da duk wa'azin da za ka yi masa.

Kuɗin abonoma ba laifi in cefane da magani da kuɗin makaranta sun fita tukuna. Watan da aljihu ya yi sanyi ka haƙura da shi ka ji sakamako a rediyo. Wallahu a'alam.