Tambaya da Amsa: Sabar Proxmox ta mutu, yaya zan mayar da ita cikin rukuni?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A ofishinmu da ke Samaru muna da saba uku a rukuni ɗaya na Proxmox VE, manhajar da ke gudanar da VM, wato kwamfutocin da ake ƙirƙira a cikin saba. An ɗauke wuta, batirin inbata bai riƙe ba, faifan SSD da ke ɗauke da Proxmox a saba ta uku ya lalace. Faifan injinan VM daban yake, kuma tsarin ajiyar fayiloli na ZFS ne a kansa. Na sayo sabon SSD. In saka Proxmox da tsohon suna in jona kawai?

Amsa: Malam, kada ka jona tukuna. Rukunin har yanzu yana riƙe da sunan tsohuwar sabar da makullanta, sai ka fara share wannan.

Shiga ɗaya daga cikin biyun da ke raye ka buga pvecm status. Kowace saba ƙuri'a ɗaya gare ta, kuma cikin uku ana buƙatar biyu kafin a samu rinjaye. Idan ka ga Quorate: Yes, ci gaba. Idan babu rinjaye, foldar /etc/pve, inda saitin rukunin yake, za ta koma ta karatu kawai, ba abin da za ka iya sauyawa. Akwai umarnin pvecm expected 1 da ke buɗe ta da ƙarfi, amma mu ba ma son a taɓa shi sai an tabbatar sauran sabobin a kashe suke, don kada ɓangarori biyu su riƙa rubutu kowa da nasa.

Bayanan saitin injinanka ba su tafi da faifan da ya mutu ba, domin kowace saba tana da kwafin /etc/pve. Mu ɗauka sunan sabar zaria3: duba /etc/pve/nodes/zaria3/qemu-server, za ka tarar da fayiloli irin su 101.conf, na kwantena kuma suna foldar lxc. Kwafe foldar zaria3 gaba ɗaya zuwa /root. Idan akwai aikin kwafin ZFS da ke zuwa wannan sabar, cire shi yanzu, domin bayan cire sabar yakan maƙale ya ƙi gogewa. Sannan, da matacciyar a kashe, buga pvecm delnode zaria3, ka goge tsohuwar foldar daga /etc/pve/nodes.

Wajen saka Proxmox ne mutane suka fi tafka asara. Manhajar sakawa tana shafe duk faifan da aka zaɓa mata, kuma sunayen faifai irin su sda da sdb ba su da wuyar rikitarwa. Zare igiyar faifan ZFS ɗin kafin ka fara, ka mayar bayan an gama. Saka irin sigar da sauran ke kai. Umarnin pveversion zai nuna maka. Duba /etc/hosts ka ga sunan yana nuni ga adireshin IP na gaskiya, kuma chrony yana daidaita agogo. Wannan na agogo ba ƙaramin abu ba ne: sabar da ta daɗe a kashe, batirin CR2032 na kan allonta yakan mutu, ta tashi da kwanan wata na shekarun baya, takardun shaidar tsaro su ƙi karɓuwa.

Kada ka ƙirƙiri ko VM ɗaya a kanta. Shiga rukuni yana maye /etc/pve ɗinta da na rukunin, shi ya sa Proxmox ke ƙin karɓar sabar da ke da injina. A kan sabuwar buga pvecm add tare da IP na ɗaya daga cikin masu rai. Idan ta shiga amma allon sarrafawa ko ƙaurar da VM yana kukan makullin SSH, buga pvecm updatecerts. Tsohon makulli ne ke karo da sabo. Idan kuma tana shiga tana fita, duba netwok: corosync, manhajar da sabobin rukunin ke magana da juna da ita, yana amfani da tashoshin UDP daga 5405 zuwa 5412, kuma yana son jinkirin da bai kai milisakan 5 ba. Suwic ɗaya da ke ɗaukar bakof da corosync lokaci guda yakan jawo haka.

Daga nan zpool import zai nuna maka sunan rumbun ZFS da ke kan faifan injinan, ka shigo da shi da zpool import -f da sunan. Dole a sa -f ɗin, domin rumbun yana ganin wata na'ura ce daban ta riƙe shi a baya. Mayar da fayilolin conf da ka kwafe zuwa /root cikin sabuwar foldar zaria3, ka kunna injinan ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya: Ni a Sabon Gari nake, saba biyu kawai gare ni. Da ɗaya ta mutu, ɗayar ta ƙi kunna VM. Me ya sa?

Amsa: Ƙuri'a ɗaya cikin biyu ba rinjaye ba ce. Idan ka tabbata ɗayar a kashe take, pvecm expected 1 zai fitar da kai yau. Maganin dindindin shi ne ƙuri'a ta uku: ƙaramar kwamfuta, ko da Raspberry Pi ce, a saka mata corosync-qnetd, sabobin biyu kuma corosync-qdevice, sannan a buga pvecm qdevice setup da IP ɗinta. Ka ba ta nata batirin, kada ta mutu tare da sabobin.