Me ya sa John Dickinson ya ƙi sa hannu a takardar 'yancin Amurka?

Malam, ka tambaya ko tsoro ne ya hana shi sa hannu a 1776. Ko kusa. Dickinson lauya ne da ya yi karatu a Landan, yana da babbar gona kusa da Dover a Delaware, kuma ɗan majalisa ne mai ra'ayin riƙau. Shi ne ma ya rubuta wasiƙun nan na 1767 da sunan "manomi", yana sukar harajin da Ingila ta ɗora wa mutanensa. Ganinsa dai an yi gaggawa: babu ƙawance da Faransa tukuna, yankunan Amurka da Ingila ke mulka ma ba su haɗa kai ba. Ya ƙaurace wa ƙuri'ar, sannan ya ɗauki bindiga ya shiga sahun mayaƙan Amurka. Daga baya ya shugabanci Delaware da Pennsylvania, ya kuma 'yanta bayinsa.