Kafin ka sauka Birmingham: amsar tambayarka kan aikin sa-kai

Ƙanina, saƙonka ya same ni a cikin bas, sai yanzu bayan isha'i na samu zama. Ka ce takardar jami'a ta fito, Satumba za ka taho Birmingham yin digiri na biyu, kuma wani ya gaya maka aikin sa-kai ɓata lokaci ne ga wanda aka sayar da fili aka biya masa kuɗin makaranta. Kana so ka ji ko haka ne, in kuma ba haka ba ne, ta ina ake farawa.

Da fari dai, in za ka gaya wa Hajiya, kada ka ce mata ka shiga 'yan sa-kai. Ta saba jin sunan a rediyo haɗe da labarin daji da bindiga, sai jininta ya hau. Ce mata aikin gayya ne, don kusan shi ne: yau ka kama wa mutane, gobe a san fuskarka.

Wanda ya ba ka shawarar nan bai san abu guda ba. A ƙasar nan duk aikin da za ka nema, ko na tsaron shago ne, sai an ce ka kawo sunan mutum ɗaya ko biyu da za su shaide ka. Malaminka na Zariya mutumin kirki ne, amma wasiƙar da aka aika masa za ta iya yin wata ba amsa. Ni wata huɗu na yi ina cike takardu shiru. Abin da ya buɗe min ƙofa wata dattijuwa ce mai kula da shagon gwanjo na wata ƙungiyar agaji, inda nake zuwa duk Asabar ina goge riguna da na'urar tururi ina manna musu farashi. Layi biyar ta rubuta a kaina: yana zuwa kan lokaci, an ba shi akwatin kuɗi ba a taɓa samun giɓi ba. Da wannan na samu aikina na farko.

Irin shagunan nan suna kan kowane babban titi: Oxfam, British Heart Foundation, da Islamic Relief wadda a nan Birmingham aka kafa ta a 1984. Mutane ke kawo kayansu kyauta, a sayar, kuɗin ya tafi aikin jinƙai. Kamar gwanjon Ƙofar Wambai ne, sai dai ba a ciniki. Shiga kawai ka ce kana son taimakawa, za su miƙo maka fom. Kuma nan ne kunnenka zai buɗe. Turancin da ka ci jarrabawa da shi daban, wanda tsohon direban bas na Birmingham zai yi maka daban. Makon farko murmushi kawai nake yi ina gyaɗa kai.

Sai rumbunan abinci, waɗanda ake ce wa fud banki. Kada ka yi mamaki, akwai yunwa a Ingila. Ƙungiyar Trussell kaɗai ta raba ƙunshin abinci sama da miliyan 3 tsakanin Afrilun 2023 da Maris ɗin 2024, kowane ƙunshi na kwana uku ne. Yawanci a zauren coci ko masallaci ake rabon. Masallacin Green Lane da ke Small Heath yana da nasa. Aikin ba wuya: duba ranar lalacewa a jikin gwangwani, jera taliya da shinkafa, haɗa wa mai jira shayi. Abin da ke da wuya shi ne riƙe baki. Za ka ga maƙwabcinka a layi, wataƙila ma ɗan ajinku, kuma ba mai jin labarin daga wurinka, ko matarka ce.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, don a nan ake rasa biza. Ɗalibi mai karatun digiri awa 20 aka yarje masa ya yi aiki a mako lokacin da ake karatu, ana ƙirgawa daga Litinin zuwa Lahadi. Hukumar shige da fice ta raba aikin da ba a biya gida biyu. Akwai mai taimako don ransa: ba yarjejeniya, ba dole, in ya fasa zuwa ba mai tuhumarsa, kuma ba a ba shi komai sai kuɗin mota ko na abincin rana da ya kashe. Wannan ba ya cin awa ashirin ɗinka. Akwai kuma wanda aka ɗaure da sharaɗi, aka yanka masa ranaku da awoyin da tilas ya cika, ko ake saka masa da wani abu kamar wurin kwana. Wannan aiki ne a idon hukuma ko ba a ba shi sisi ba, kuma ana lissafa shi. Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ɗauke ta ka kai ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje na jami'arku. Kyauta suke dubawa, aikinsu ke nan. In kuma mai gidan abinci ko mai shago ya ce ka zo ka yi masa mako biyu “na sa-kai” ya ga hannunka, gudu. Ba ƙungiyar agaji ba ce, wahalarka yake son ci, ko da kuwa yana gaishe ka da sallama.

In ranka ya fi kwanciya da yara, akwai ajin Asabar na masallatai inda ake taya su lissafi da karatu, akwai ƙungiyoyin ƙwallo na unguwa. Amma ba a barin kowa kusa da yara ko tsofaffi sai an bincika tarihinsa, abin da ake kira DBS. Ƙungiyar ce ke nema maka, kuma ga mai sa-kai hukuma ba ta karɓar kuɗi. Matsalar ita ce binciken bai kai Najeriya ba, shi ya sa wasu ke neman takardar shaidar 'yan sanda daga gida.

Zan faɗa maka wata magana da ba kowa zai so ba. Kada ka tsaya a masallaci da taron 'yan gida kaɗai. Ka je, ka ɗauki tabarma, ka raba abincin buɗa-baki da azumi, akwai lada kuma akwai zumunci. Amma na ga yaran da suka yi shekara a garin nan ba su da lambar mutum ɗaya da ba ɗan Arewa ba. Zaɓi wuri guda da ba ka san kowa ba. Ko parkrun ne, gudun kilomita 5 da ake yi kowace Asabar ƙarfe 9 na safe a filayen shaƙatawa. Kullum suna neman mai riƙe agogo da mai nuna hanya, awa ɗaya da 'yan mintuna ka gama. A Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ɗaki ya fara cinye mutum, za ka gane amfanin samun inda ake jiranka.

Wuri guda na ce, ba biyar ba. Makon farko jami'a za ta yi baje-kolin ƙungiyoyi, za ka ji kamar ka rubuta sunanka a ko'ina. Awa uku a mako da ba ka fashi ta fi alkawarin da za ka karya. Ni na taɓa zuwa a makare da minti ashirin na ce ruwan sama ne. Dattijuwar nan ta leƙa taga ta ce ai ita ma ruwan ya same ta. Ban sake ba. In ba za ka samu zuwa ba, ka aika saƙo tun jiya, kuma ka faɗa musu tun farko cewa ranar Juma'a da rana ba ka nan. Ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai kan haka ba.

Saboda haka kafin ka taso ka nemi takardar 'yan sandan, ka kuma karɓi wasiƙa daga ƙungiyar agajin da ka yi wa aiki lokacin bautar ƙasa, da hatimi da lambar waya mai shiga. Ni kuma a taho min da kuka da daddawa. Ban da kilishi, a filin jirgi za su ƙwace. Ka gaishe min da Hajiya da su Baba.