Bohol ɗaya zai ishe mu har nan da shekara 20?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne sakataren ƙungiyar cigaban garinmu a yankin Gumel, mun haɗa kuɗi da 'yan garin da ke Kano da Legas za mu yi bohol mai sola. Mu kusan 1,200 ne banda dabbobi. Wani ya ce tanki biyu masu lita 5,000 sun isa, wasu sun ce a'a. Ya za mu lissafa dan kar mu koma gidan jiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam Sakatare, Allah ya saka muku da alheri. Gaskiya na ji daɗi da kuka tambaya kafin motar haƙa ta shigo gari, dan galibi sai layin jarkoki ya dawo sannan ake neman shawara.

Kar ku fara da maganar tanki, ku fara da mutane, kuma ba mutanen yau kaɗai ba. Tsarin samar da ruwa na ƙasa na shekarar 2000 ya sa lita 30 ga kowane mutum a rana a karkara, kuma kar fanfo ya fi mita 250 daga gida. To ku 1,200 sau 30, lita 36,000 kenan a yau ɗin nan. Jama'a a yankinmu na ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin 100 duk shekara, in ka bi wannan lissafin nan da shekara 20 kun kai wajen 2,170, buƙatarku ta zama kamar lita 65,000 a rana, jarka 2,600 mai lita 25. Kuma fa ba a sa shanu ba, saniya ɗaya a tsakiyar bazara tana iya shanye lita 30 ko fi, ga alwala a masallacin Juma'a ga makaranta ga masu buga bulo, sannan duk garin da ruwa ya matso ƙofar gida sai amfani ya ƙaru dan matar da da take wanki sau ɗaya a sati saboda nisan rijiya yanzu ba abin da zai hana ta.

Sai babbar maganar, ita rijiyar nawa za ta iya bayarwa. Ku a Gumel ƙasarku yashi ce irin ta kwarin Chadi, ruwan na da nisa amma in an same shi yakan yi auki, ba kamar Birnin Kudu ko kudancin Kano ba da ake haƙa cikin dutse ana neman tsaga. Duk da haka kar ku yarda da "ruwa ya yi" dan kun ga ya yi tsiri sama ranar haƙa, iskar kwamfuresa ce ke tunkuɗo shi. Ku sa a rubuce cikin yarjejeniya cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an yi gwajin jan ruwa, a sa sumo, wato injin jan ruwa da ake zurawa cikin rijiyar, ya yi ta ja awa 24 ana auna yadda ruwan ke sauka da yadda yake dawowa, in da hali a Maris ko Afrilu lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya. Wallahi wannan takardar ta fi tankin muhimmanci. Misali rijiyar da ke ba da lita 1 a daƙiƙa, lita 3,600 kenan a awa, sola kuma ƙarfinta na gaske awa 6 ne zuwa 7, ka ga lita 25,000 da ƙyar, ko buƙatar yau ba ta cika ba. In sakamakon ya fito haka to ku san bohol biyu kuke buƙata, ku roƙi dagaci ya ware filin na biyun tun yanzu kafin a yanka fulotai, kuma a nisanta shi da masai aƙalla mita 30.

Wajen kashe kuɗi ga yadda nake ba da shawara. Duk abin da ake binnewa ko ake ginawa sau ɗaya, wato kesin na rijiya (bututun da ke riƙe ramin kar ya rufta) da babban bututun da zai ratsa gari da ƙarfen da zai ɗauki tanki, a yi shi da lissafin shekara 20. Ku sa bututu inci 2 ko fi a babban layi ko da mai aiki ya ce inci 1 ya isa, bambancin kuɗin kaɗan ne amma sake tone gari ba ƙaramin aiki ba ne, kuma siririn bututu shi ke sa fanfon ƙarshen unguwa yana ɗiga kawai da safe. Sumo da faranten sola da tankunan roba kuwa a saya daidai da shekara 5 zuwa 7, dama sumo ba ya kai shekara 20, amma a bar gurbi a sama dan ƙari.

Tanki lita 10,000 kam ya yi kaɗan. Ana ɗibar ruwa da asuba kafin rana ta ɗaga, sai ruwan da ya kwana, dan haka ku nemi aƙalla rabin buƙatar yini, ku fara da lita 20,000. A hunturu kuma a sa yaro yana goge ƙurar faranten.

In kuna da fanfon tuƙa-tuƙa kar a yi watsi da shi, ranar da sumo ya ƙone shi zai riƙe gari. Ku kafa kwamitin ruwa da mata a ciki, a dinga karɓar ɗan wani abu a kan jarka ana ajiyewa a asusu dan gyara, sannan ku je ofishin RUWASA, hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha, a Dutse ku nemi bayanin zurfin rijiyoyin da aka haƙa kusa da ku kafin ku yi ciniki da mai haƙa.