Wasan lantarki da yaro ɗan shekara 6

Maman Abba, kin tambaya ko akwai wasan lantarki da za ki yi da ɗanki mai shekara 6 ba tare da haɗari ba. Akwai, muddin da batir ne. Wutar soket volt 230 ce, ko kusa da ita kada ya je.

Ki sayi farin ƙwan LED wurin masu gyaran rediyo, da batir biyu irin na rimot. Kowanne volt 1.5 ne, sai ki jera su kai da gindi, ki naɗe da salatif, su zama volt 3. Ki haɗa waya daga kan batirin zuwa doguwar ƙafar ƙwan, wata kuma daga gindi zuwa gajeruwar. In bai kama ba, ki juya ƙafafun.

Daɗin wasan yana nan: ki yanke waya ɗaya, ki bar shi ya riƙa cike giɓin da abin da ya ga dama. Cokali, ƙusa, tsinken tsintsiya, silifas. Kafin ya gwada, ya faɗi ko zai kama. Ɗana ya rantse bakin fensir ba zai kunna ba, sai ga haske, ya yi ta tsalle.

Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo kam, kada ki ba shi. In yaro ya haɗiye, yana ƙona maƙogwaro cikin awa biyu.